Shin in ƙwace wayar 'yata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce mazauniyar Agege a Legas, ina da 'ya mai shekara 14. Mahaifinta, wanda yake sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ya saya mata waya saboda malamansu suna turo aikin gida ta WhatsApp. Yanzu sai in farka cikin dare in hangi hasken waya a ƙarƙashin mayafinta tana kallon TikTok, da asuba kuma da ƙyar take tashi salla. Shin in ƙwace wayar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ban ba ki shawarar ƙwacewa gaba ɗaya ba, domin yarinyar da aka raba da wayarta za ta ari ta ƙawarta a makaranta, inda idonki ba ya kaiwa. Ki fara da dare: bayan sallar isha'i wayar ta kwana a ɗakinki, kuma mahaifinta ya sanar da wannan doka da bakinsa, don kada ta ɗauka ke kaɗai ce mai takura mata.

Bayan haka ki zauna da ita ku duba shekarar haihuwar da ta rubuta lokacin buɗe shafinta na TikTok, saboda yara da yawa suna ƙara wa kansu shekaru. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. TikTok ba ya barin 'yan ƙasa da shekara 16 su yi saƙon sirri, kuma tun 2023 yake sanya wa 'yan ƙasa da 18 iyakar minti 60 a rana, to idan ta rubuta shekara 20 duk wannan kariya ta zube. Akwai kuma tsarin Family Pairing da zai haɗa shafinki da nata.

Ni dai saƙon sirrin ya fi bidiyon tayar mini da hankali. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya sanar da cewa ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya na masu yaudarar mutane su turo hotunan tsiraici, sannan su nemi kuɗi da barazanar yaɗa su. Irin waɗannan mutane da tsoron yaro ga iyayensa suke cin abinci. Saboda haka ki gaya mata tun yau, cikin taushin murya, cewa duk ranar da wani ya nemi hotonta ko ya tsorata ta, ta zo gare ki kai tsaye, ba duka ba zagi, kuma kada ta goge saƙonnin kafin ki gani.