Tambaya da Amsa: Thunderbird ya ƙi karɓar kalmar sirrina

Tambaya: Assalamu alaikum. Na saka Thunderbird a kwamfutar ofis don in riƙa karanta saƙonnin Gmail, amma kullum sai ya ce kalmar sirrina ba daidai ba ce, alhali da ita nake shiga a waya. Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kalmar sirrinka lafiyarta ƙalau. Tun ƙarshen watan Mayun 2022 Google ya hana manhajojin kwamfuta shiga Gmail da suna da kalmar sirri kaɗai. Yanzu sai ta OAuth2, wato Thunderbird ya buɗe maka ɗan shafin Google, ka shiga can ka ba shi izini.

Je Account Settings, ka shiga Server Settings. Sunan saba (server, wato kwamfutar Google da ke riƙe da saƙonninka) imap.gmail.com, Port 993, tsaro SSL/TLS, a wajen Authentication method ka zaɓi OAuth2. Saitin aikawa yana can ƙasan jerin hagu, a Outgoing Server: smtp.gmail.com, da 465 tare da SSL/TLS, ko 587 tare da STARTTLS. Kowace lamba da abokiyar tafiyarta. In ka haɗa 587 da SSL/TLS, za ka riƙa karɓar saƙo amma naka ba zai fita ba. Lamba 25 kuwa ka rabu da ita, kamfanonin intanet da yawa sun toshe ta saboda masu watsa saƙonnin banza.

Idan shafin Google ya ƙi kammala shigar da kai, je babban Settings na Thunderbird, ka duba Privacy & Security ka kunna Accept cookies from sites. A wurin ne kuma za ka ga Saved Passwords, ka goge tsohuwar da ya adana.

Saura abu guda da ake yawan mantawa: agogon kwamfuta. Yawancin na'urorin ofisoshinmu gwanjo ne, batirin CR2032 mai kama da kwabo da ke kan allon cikinsu ya daɗe da mutuwa. Da an ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya, ita kuwa takardar shaidar tsaron sabar Google tana da ranar farawa da ta ƙarewa, don haka sai manhajar ta ƙi amincewa da ita. Gyara kwanan wata, ka sauya batirin.

Mai tsohon Outlook 2010, wanda bai san OAuth2 ba, sai ya kunna tantancewa mai mataki biyu a asusunsa na Google, ya ƙirƙiri App password mai haruffa 16, ya sa ta a gurbin kalmar sirri.

Tambaya: Tunda na haɗa imel ɗina da Thunderbird, data ba ta kwana. Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, yana sauke duk saƙonninki ne tun daga ranar da kika buɗe asusun, har da hotuna da takardun da aka liƙa musu. Shiga Synchronization & Storage ki taƙaita shi ga kwana 30 na baya-bayan nan, ki kuma hana shi sauke saƙon da ya yi nauyi. In Gmail ne, cire All Mail daga jerin jakunkunan da yake saukewa, domin maimaici ne na abin da ke sauran.

Tambaya: Ana iya karanta zaurukan Usenet, wato tsoffin zaurukan tattaunawa na intanet, da Thunderbird? Daga ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ana iyawa, amma ba ta Google ba, domin Google Groups ya daina ɗaukar sababbin rubuce-rubucen Usenet a watan Fabrairun 2024. Sai ka yi rajista da wata sabar NNTP, wato mai ɗauke da zaurukan Usenet, irin su Eternal September, wadda kyauta ce kuma rubutu zalla take ɗauka. Sa Port 563 da SSL/TLS, ka kunna Always request authentication, in ba haka ba zauruka kaɗan za ka gani. Idan ya tambaye ka kanun saƙo nawa zai sauke, 500 sun ishe ka farawa.