Amsoshin tambayoyinku: me zan saya don jarabawa akan wuraren yawon buɗe ido na Himalaya?

Tambaya ta farko daga wani ɗalibi: Salam Malam, ina shirin rubuta jarabawar gasa ne kuma a cikin abin da za a tambaye mu akwai manyan wuraren yawon buɗe ido na yankin Himalaya ɓangaren Indiya. Kuɗin hannuna na abu ɗaya ne, ko littafin jagoran matafiya mai hotuna, ko ƙaramin littafin tambaya da amsa, ko kuma littafin taswira. Dan Allah wanne zan ɗauka?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya bada sa'a. Ka sayi littafin taswira, wato atlas, kar ma ka tsaya dogon tunani. Shi littafin jagoran matafiya an rubuta shi ne saboda wanda zai ɗauki jaka ya tafi, mafi yawan shafukansa maganar masauki ce da motar da zaka hau, kai kuma ba wanda zai tambaye ka sunan otal a ɗakin jarabawa. Na tambaya da amsa yana da ɗan amfani amma matsalarsa haddar aku yake koya wa mutum, ka haddace cewa Manali tana jihar Himachal Pradesh, ranar jarabawa sai a juya tambayar ace wane kogi ne ya ratsa ta, shikenan ka tsaya kana kallon silin. Wanda ya ga wurin a taswira kuwa ya san Manali da Kullu duk a kwari ɗaya suke a bakin kogin Beas, ko ta ina aka ɓullo masa yana da amsa.

Yadda nake so ka yi da taswirar shine ka bi ta daga yamma zuwa gabas, jiha bayan jiha, kuma ko wane gari ka ɗaure shi da koginsa ko tafkinsa. Ka fara da Srinagar a bakin kogin Jhelum da tafkin Dal, kusa da ita ga Gulmarg inda ake wasan zamiya akan ƙanƙara. Ka haura Ladakh ka ga Leh a kwarin kogin Indus da tafkin Pangong wanda ya ratsa iyakar Indiya da Sin. Sai ka gangaro Himachal, nan kam ka zauna sosai domin tambayoyi sun fi taruwa anan. Shimla ce babban birnin jihar, kuma tun 1864 Turawan mulkin mallaka na Birtaniya suka mayar da ita fadar mulkinsu ta lokacin zafi, saboda zafin filayen ƙasa ya fi ƙarfinsu, wannan dalilin ne ma ya haifar da yawancin garuruwan shan iska na kan tudu irin su Mussoorie da Nainital da Darjeeling, in ka gane wannan ka gane tushen abin gaba ɗaya. A Shimla ɗin ne Indira Gandhi da Zulfikar Ali Bhutto suka sa hannu a yarjejeniyar 1972 bayan yaƙin Indiya da Pakistan. Dharamshala kuma an san ta ne da zaman Dalai Lama, jagoran addinin Buddha na Tibet, wanda ya baro Tibet a 1959.

Jihar Uttarakhand ita ce wadda koguna suke warware maka ita tas. Wuraren ziyarar ibada huɗu na mabiya addinin Hindu da ake kira Char Dham, ko wanne da koginsa: Yamunotri da Yamuna, Gangotri da Bhagirathi, Kedarnath da Mandakini, Badrinath da Alaknanda. Bhagirathi da Alaknanda suna haɗuwa a Devprayag, daga nan ne ake fara kiran kogin da suna Ganga, ya gangara Rishikesh sannan Haridwar. Kaga da yatsa ɗaya akan layin ruwa ka kwashe wurare bakwai, wallahi babu jerin sunayen da zai zaunar maka da su a kai kamar haka. Daga nan ka tsallake Nepal ka sauka Darjeeling, ka lura ita a jihar West Bengal take ba a Sikkim ba, nan ɗalibai da yawa suke zubar da maki, sai Gangtok babban birnin Sikkim, can ƙarshen gabas kuma Tawang a Arunachal Pradesh.

Tambayoyin baya kuwa ka aro wajen abokan karatu ka kwafa da hannunka, ba sai ka saya ba.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah: Malam na samu gwanjon littafin labarin ƙasa na Indiya da arha sosai amma tsohon bugu ne, sabon kuma ya yi min tsada. In saya?

Ƙanwata kafin ki miƙa kuɗi ki buɗe shi a gaban mai sayarwa ki duba abu uku. Na ɗaya ki nemi Ladakh, in har littafin ya saka Leh a ƙarƙashin jihar Jammu da Kashmir to an buga shi ne kafin 31 ga Oktoba 2019, ranar da aka raba su Ladakh ta zama yanki mai zaman kansa a ƙarƙashin gwamnatin tarayya. Na biyu ki nemi Uttarakhand, an ƙirƙire ta daga cikin jihar Uttar Pradesh a 9 ga Nuwamba 2000 da sunan Uttaranchal aka canza sunan a 2007, in kika ga Nainital da Mussoorie a cikin Uttar Pradesh ki ajiye littafin kawai, ya tsufa da yawa. Na uku tsawon Everest, tsofaffin littattafai mita 8,848 suke cewa amma a Disamba 2020 Nepal da Sin suka sanar da 8,848.86. Haka kuma tsohon bugu ba zai san da ramin mota na Atal ba, mai tsawon kilomita 9 da ɗan ɗoriya, wanda aka buɗe a Oktoba 2020 a ƙarƙashin mashigar Rohtang kusa da Manali.

Toh in matsalar iya ta 2019 da 2020 ce ni dai ina ganin ki saya, ki gyara da biro a gefen shafi, domin yawancin sauran abubuwan ba sa canzawa. Gandun dajin Jim Corbett har gobe shine na farko a Indiya, 1936, da sunan Hailey a lokacin. Dutsen Kangchenjunga har gobe mita 8,586 ne, na uku a tsawo a duniya. Abin da zaki ƙara da kanki shine shekarun da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka wurare a jerin kayan gadon duniya, masu jarabawa suna matuƙar son su: gandun Nanda Devi 1988, layin dogon Darjeeling 1999, Kwarin Furanni 2005, layin dogon Kalka zuwa Shimla 2008, babban gandun Himalaya na Kullu 2014, gandun Khangchendzonga na Sikkim 2016.

Tambaya ta uku: Malam akwai masu tallar darasi a intanet, sun ce ka biya su turo maka tambayoyin da tabbas zasu fito. Ya kake gani?

Duk wanda yace maka tabbas kar ka biya shi, babu mai wannan tabbacin sai wanda ya saci takarda, kuma wannan hanya ce ta jefa kanka a masifa. In darasi ne na gaskiya ka nemi su baka guda ɗaya kyauta ka gani, ka lura ko malamin yana koyarwa da taswira ko karanto sunaye kawai yake yi. Ka gwada shi da dutsen K2 ma, in yace maka a Himalaya yake bai bambanta shi da tsaunukan Karakoram ba, riƙe kuɗinka.

Tambaya ta ƙarshe daga ɗalibin da ke karatu a Delhi: ina da ɗan hutu kafin jarabawa kuma guzurin tafiya ɗaya gare ni, Shimla ko Darjeeling?

Shimla ɗan'uwa. Ta fi kusa da kai nesa ba kusa ba, ka hau jirgin ƙasa zuwa Kalka sannan ka shiga ƙaramin jirgin nan da aka buɗe layinsa a 1903, kilomita 96 ne ta cikin ramuka sama da 100, da idonka zaka ga yadda ƙasa take tashi daga tuddan Shiwalik zuwa Himalaya ta tsakiya, abin da ake ta zana maka a allo. In ka isa ka je tsohon gidan wakilin sarautar Birtaniya da aka kammala a 1888. Darjeeling tana da kyau ƙwarai ga gonakin shayi ga Kangchenjunga a gabanka, amma hanyar zata cinye maka hutun da kuɗin. Sai dai in hutun naka ya faɗo a Yuli ko Agusta ne to ka haƙura ka zauna ka yi karatunka, lokacin damina ne kuma zaftarewar ƙasa tana yawan tare hanyoyin tsaunin, kar ka je ka maƙale can ranar jarabawa ta same ka a hanya.