Anti, Wuya Da Baya Sun Hana Ni Sakat A Kan Keken Ɗinki

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, dan Allah ki ba ni shawara. Ni tela ce shekarata 9 ina ɗinki, tunda aka shiga ɗinkin sallah wuyana da tsakanin kafaɗuna suke ciwo kamar an ɗora min buhun masara, da yamma kuma ƙugu ya karɓa. Na sha diclofenac har na gaji, an min ƙaho, yayata kullum cewa take ki miƙe zamanki mana, in na miƙe ko minti biyar ban yi sai bayan ya ƙara ƙagewa in koma yadda nake. Wai haka zan ƙare?
Daga wata tela, Tudun Wada, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Yayarki tana da gaskiya rabi. Matsalar "miƙe zamanki" ita ce mutum sai ya bankare ƙirji ya sandare kamar soja a fareti, kin ga ya ƙara wata ɗaurewar kenan a kan wadda ke akwai, shi ya sa minti biyar ta ishe ki.

Akwai wani ɗan Ostireliya, Frederick Matthias Alexander, an haife shi a 1869, sana'arsa karanto waƙoƙi da wasan kwaikwayo a gaban jama'a, sai muryarsa ta dinga dushewa duk sanda ya hau dandamali, in ya huta ta dawo, in ya koma aiki ta sake tafiya. Da ya gaji sai ya jera madubai yana kallon kansa, nan ya gane da zarar zai fara magana yake jan ƙeya baya yana danne wuya da maƙoshi. Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin, ko lokacin da yake jin ai ya gyara, madubi na nuna masa yana nan yadda yake. Jiki in ya saba da karkace, karkacen yake ji daidai. Ya koma Landan a 1904 yana koyar da hanyar da ya bi ya daina wannan ɗaurewar, kuma a 2008 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani bincike da aka yi a Ingila kan mutum 579 masu daɗaɗɗen ciwon baya, waɗanda suka yi darasi 24 na hanyar tasa bayan shekara ciwon na kama su kamar kwana 3 a sati huɗu, waɗanda aka bari da kulawar likita da aka saba kawai kuwa kwana 21.

To ke ba sai kin je Landan ba, wayarki ce madubin. Ki ba yarinyar shago ta ɗauke ki bidiyo ta gefe kina ɗinki ba tare da kin shirya ba. Na yi imani za ki ga haɓarki ta yi gaba tana bin allura, kafaɗu sun hau kusa da kunne, haƙora a datse, wataƙila har da fil a baki (wannan kam ki daina, haɗari ne). Kan babba kusan kilo 5 ne, ki ƙaddara kina riƙe da shi a gaba tun safe har isha'i, ai dole wuya ya yi kuka.

Kafin ki taka keken ki ɗan dakata, numfashi ɗaya kawai, ki saki muƙamuƙi, ki bar kafaɗu su sauka da kansu, kar ki ja su. In za ki matso ga aiki ki lanƙwaso daga inda cinya ta haɗu da ƙugu, bayan ya taho gaba ɗayansa. Kujera ta sa ƙugu ya ɗan fi gwiwa tudu, in gajera ce ki sa filo. Ki kawo fitila kusa da allura, kuma ki je a gwada idonki, telolin da yawa rashin gani sosai ne ke jawo musu kai ƙasa ba su sani ba. Duk rabin awa ki tashi ko guga ce ki yi, zaman da ya fi kowane kyau ma in ya daɗe sai ya yi ciwo. Da rana kuma ki kwanta rigingine a tabarma, siririn littafi a ƙarƙashin kai, gwiwoyi a sama tafin ƙafa a ƙasa, minti 10 zuwa 15. Satin farko za ki ji kamar a karkace kike, ki koma ki sake bidiyo ki gani.

Diclofenac ɗin nan ki rage, shan sa kullum na jawo olsa yana kuma taɓa ƙoda. In kuma ciwon na sauka ƙafa ko hannu da sagewa ko rashin ƙarfi, ko kina rama da zazzaɓi da gumin dare, ki tafi asibiti, don tibi ma na kama ƙashin baya. In fitsari ya fara kufce miki ko ya ƙi fita, ranar za ki tafi, kar ki kwana. Tunda a Zariya kike, asibitin koyarwa na Shika suna da sashen fisiyo, wato masu gashin ƙashi da motsa jiki, ki tafi musu da bidiyon.