Kwana Uku a Bakin Tafki a Karkarar Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana zai kammala karatunsa a Manchesta a watan Yuli, kuma ni da mahaifinsa za mu halarci bikin yaye su in Allah ya yarda. Ya ce bayan biki zai kai mu wani ƙauye a bakin tafki mu yi kwana uku mu huta. Ni dai ban ga abin da zai sa mutum ya ƙetare teku don ya je ƙauye ba, ga ni kuma da ciwon gwiwa. Shin tafiyar tana da amfani, kuma yaya za mu yi da abinci da salla?
Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a karatun yaron, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Shawarata ita ce ki amsa masa, domin bayan hayaniyar biki da zirga-zirgar birni jiki zai nemi inda zai natsu, kuma ɗanki ya zaɓa muku wurin da ya dace.

Tun da daga Manchesta za ku tashi, ina ganin yana nufin yankin tafkuna na gundumar Cumbria a arewa maso yammacin Ingila, wanda Turawa suke kira Lake District. Hukuma ta keɓe shi a matsayin gandun ƙasa a shekarar 1951, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2017. A nan tafkin Windermere yake, wanda ya fi kowane tafki girma a Ingila, tsawonsa ya kusa kilomita 18, haka kuma dutsen Scafell Pike mai tsayin mita 978, wanda babu wanda ya fi shi a ƙasar. Jirgin ƙasa daga Manchesta zuwa tashar Windermere yana ɗaukar kimanin awa biyu, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci sai an canja a tashar Oxenholme. Sai dai ki sani cewa tashar ba a bakin ruwa take ba. Garin da ke bakin tafkin shi ne Bowness, wanda ke da tazarar kilomita biyu da wani abu.

Zaɓen masauki shi ne abin da zan fi jan hankalinki a kai. Bowness yana da kyau, amma daga ƙarshen Yuli, lokacin da makarantun Ingila ke tafiya dogon hutu, cunkosonsa yakan yi kama da na kasuwar Sabon Gari ana gobe salla, wanda ya zo neman hutu kuwa ba abin da yake nema ke nan ba. Ki ce wa yaron ya nemi Grasmere ko Ambleside, waɗanda motar bas mai lamba 555 ke bi ta cikinsu daga tashar Windermere. Ni da kaina na kwana biyu a Grasmere, kuma har yau ban manta safiyar farko ba. Na fito bayan asuba, hazo yana kwance a kan ruwa kamar auduga, gidajen duwatsu masu launin toka sun jiƙe da raɓa, ba ka jin komai sai kukan tumaki. Katangun da suka raba makiyaya an jera su ne dutse a kan dutse ba tare da laka ko siminti ba, suna hawa har kan tsaunuka, na kuwa daɗe ina shafa ɗaya daga cikinsu ina tuna magina ganuwar Zazzau. Tumakin yankin, waɗanda ake kira Herdwick, baƙaƙe ake haihuwarsu, sannan su koma launin toka da farar fuska idan sun girma, kuma kowace ta san gefen tsaunin da uwarta ta yi kiwo, ba ta barinsa ko da babu shinge.

Game da gwiwa, babu mai tilasta miki hawan dutse. Akwai jirgin ruwa na fasinja da ke tashi daga Bowness zuwa mashigar Ambleside cikin kimanin rabin awa, kina zaune kina kallon tsibirai da dazuzzuka, kuma akwai shimfiɗaɗɗun hanyoyi a bakin ruwa masu kujerun hutawa. Idan Alhaji yana da ƙarfin ƙafa, yaron zai iya raka shi tudun Orrest Head da ke daf da tashar jirgin ƙasa ta Windermere, hawan da bai kai wahalar Kufena ba, daga samansa kuma ana hango tafkin gaba ɗaya.

Yuli lokacin bazara ne a Ingila, amma kada kalmar ta ruɗe ki. Zafin rana a Yuli yakan tsaya ne kusa da digiri 20, dare kuma yana da sanyi irin na farkon hunturunmu. Ruwan sama ba shi da lokaci a can. Ƙauyen Seathwaite na wannan yanki yana samun sama da milimita 3,000 a shekara, wato kusan ninki uku na daminar Zariya. Ki tanadi rigar ruwa, rigar sanyi, safa, da takalmi rufaffe wanda ba ya santsi.

Abinci yana buƙatar lura sosai. Karin kumallon da ƙananan masaukai ke bayarwa yakan ƙunshi naman alade iri-iri, saboda haka a gaya musu tun wajen kama ɗaki cewa ƙwai, burodi, wake da shayi kawai kuke so, kuma a soya ƙwan a kasko daban. Ko soyayyen kifi da dankali za ku saya, ku tambaya ko an sa giya a ƙullun da aka tsoma kifin, domin wasu suna sawa. Abin da ya fi sauƙi shi ne yaron ya kama gida mai ɗakin girki, ya sayo naman halal daga Manchesta inda yake a wadace, ki dafa abin da ranki yake so.

Masallatan da na sani kusa suna Lancaster da Preston, duka a kan hanyar jirgin da za ku bi, don haka ku tsara kwanakin yadda Juma'a za ta same ku a birni. Alƙibla a can tana kudu maso gabas, ba kamar yadda muka saba a gida ba, sai a duba ta a waya. Rana a Yuli tana fitowa wajen ƙarfe 5 na safe, ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, wanda ya sa isha da asuba suke matsowa kusa da juna ƙwarai. A mazhabar Malikiyya matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba yana yin ƙasaru, amma ki zauna da malaminku kafin tafiya ya warware miki wannan da batun haɗa salloli.

Akwai abu biyu da za su iya ba ki mamaki. Mutanen wurin suna yawo da karnuka ko'ina, har cikin jirgin ruwa da wasu shagunan shayi, don haka ki riƙe tufafin salla daban a jaka. Sannan hanyoyin ƙafa da yawa suna ratsawa ta cikin makiyayar mutane, doka ta yarda a bi, amma duk ƙofar shingen da kuka tarar a rufe ku mayar da ita a rufe bayan kun wuce, domin dabbobin wani ne a ciki. Ki kuma hana yaron faɗawa cikin tafkin don ya ga rana ta fito, saboda ruwan yana da zurfi da tsananin sanyi ko a tsakiyar bazara, kuma sanyin yana iya ɗauke numfashin gwanin iyo cikin ƙanƙanin lokaci. Masaukan Yuli suna cika da wuri, saboda haka da zarar bizarku ta fito ki sa ya kama ɗaki a hawan ƙasa, domin tsofaffin gidajen ƙauyukan nan matakalarsu ƙunci ne da su kuma yawancinsu ba su da na'urar hawa.