Tambayoyinku Kan Waya Da Kwamfuta: Kada Ka Karanta Wa Kowa Lambar Nan Shida

Assalamu alaikum. Bokitin nan mai famfo da aka ajiye a ƙofar masallacin layinmu a Agege lokacin korona har yau yana nan, sai dai yanzu a jikinsa yara ke cika butoci. Shi na tuna da na zauna karanta saƙonninku na wannan makon, domin kusan kowace tambaya ragowar wancan lokacin ce. A daren 30 ga Maris 2020 aka kulle Legas da Abuja, mutanen da ba su taɓa jin sunan Zoom, manhajar taro ta bidiyo, ba suka koye shi dole. A 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya, amma kafin watan ya ƙare aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya yi sama. Wanda ya san abin da ake sha a go-silo daga Agege zuwa Ikko ba zai yi mamakin cewa da yawa sun liƙe wa aiki daga gida ba.

Malam, ni ma'aikaciya ce a wani shagon magani a Idi-Araba, har yanzu muna sa takunkumi a wurin aiki. iPhone ɗina ba ta gane ni sai na sauke shi. Akwai dabara?

Akwai, ƙanwata, kuma tun Maris 2022 take nan, ke ce ba ki leƙa ba. Daga iOS 15.4 Apple ya sa Face ID ya riƙa gane mutum ta kewayen idanunsa. Shiga saitin Face ID ki kunna na takunkumi, ki bar ta ta sake duba fuskarki. Amma sai iPhone 12 zuwa sama. In 11 ce ko wadda ta girme ta, haƙuri za ki yi ki riƙa danna lambobinki, ya fi ki buɗe hanci gaban mai tari don ki ga wa ya turo saƙo. Masu Android masu araha kuma ku koma ɗan yatsa. Da yawa daga cikin wayoyin nan, da kyamarar gaba kawai suke kallonku, wasu har hoto na iya yaudararsu.

Ina sana'ar POS a Mile 12. Tun korona na saba fesa wa wayata sanitaiza kullum. Yanzu in ana kirana da ƙyar nake ji.

Ɗan'uwa, wanka ka yi ta yi mata shekara da shekaru, ba dole ta kurumce ba? Ruwan ya bi ta ragar sifika ya haɗu da ƙurar kasuwa ya daskare. Kai ta wurin mai gyara ya share ko ya canza. Nan gaba a tsumma mai laushi ake ɗiga sinadarin, a goge gilashi da baya, ba a kusantar ramin caji.

Malam, an kira ni aka ce daga zauren WhatsApp na 'yan garinmu mazauna Legas ne, za a yi taro ta Zoom da daddare, an turo mini lambar shiga, in karanto a sa sunana. Na karanta. Cikin minti biyu WhatsApp ɗina ya fita. Kafin azahar an karɓi naira 80,000 a hannun yayata da sunana. Yaya zan yi?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya mayar da alheri. Zan ba ka maganin tukuna, sannan ka yi haƙuri ka saurari faɗa, domin wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini rai, kuma ba mako da ba ta zuwa.

In layinka na hannunka, buɗe WhatsApp yanzu ka sake rajista da lambarka. Za a turo wata lamba mai alƙaluma shida ta tes. Kana sa ta, an kori ɓarawon daga tasa wayar. In ya riga ya sa tasa lambar sirri ta mataki na biyu, wato ƙarin makullin da WhatsApp ke tambaya bayan lambar tes, za a ce ka jira kwana 7 kafin ka shiga, amma shi ma yana waje, ba abin da zai ƙara yi da sunanka. Kada ka yi ta gwada lambobi barkatai, lokacin jira kawai kake tsawaita wa kanka. Kana shiga ka duba jerin na'urorin da aka haɗa da asusunka, duk wadda ba ka sani ba ka cire ta. Kafin nan ka ɗauki waya ka kira, kira na murya, shugaban kowane zaure da kake ciki ya cire lambarka ya sanar. Yayarka kuma ta tafi bankinta yau da shaidar tura kuɗin, domin kuɗin sata ba ya kwana a asusu ɗaya. Ba zan yi maka alkawarin za su dawo ba. Tsofaffin hirarrakinka dai bai samu ba, suna kan wayarka. Abin da ya samu shi ne zaurukanka da lambobin mutanen ciki, da hotonka, da amanar da suka ba ka.

To yanzu faɗan. Lambar da ka karanta masa ba ta da alaƙa da Zoom ko ta anini. Shi ne ya rubuta lambar wayarka a WhatsApp ɗinsa, kamfanin ya turo maka lambar tabbatarwa don ya san kai ne, kai kuma ka miƙa masa mabuɗin da bakinka. Bai yi maka kutse ba, bai san komai a kwamfuta ba, baki kawai gare shi. A jikin saƙon ma an rubuta kada ka ba kowa. Na san da Turanci ne, amma a garin nan wa ya rasa yaron da zai karanta masa layi biyu?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda korona ta share musu hanya. Kafin 2020 in wani ya kira dattijo a Agege ya ce ya karanto lambar taro, zai ce wane irin taro ne da lamba? Sai kulle ya zo, aka rufe masallatai da makarantu, tafsirin azumin shekarar ya koma waya, taron ƙungiya ya koma waya, darasin yara ya koma waya, kowanne da lambar shigarsa. Kunne ya saba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, su kuwa 'yan damfara sun ga tsagar kafin mu. Kuma da Hausa suke kiranmu yanzu, Hausa mai kyau, da sallama, da “ranka ya daɗe”, da sunan zauren daidai, domin sun riga sun sace asusun wani a ciki sun karanta komai. Shi ya sa in an ci mutum ɗaya a zaure sai ka ga an bi sauran ɗaya bayan ɗaya kamar kaji a akurki.

Na gani da idona a gidan wani kawuna. Na same shi zaune a kan tabarma bayan la'asar, tabarau a goshi, waya a tafin hannu tana ta ƙara, yana kallonta ya kasa ɗauka. Kowane kira daga gida ne, ana tambayar wane asibiti aka kwantar da shi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kasuwanci a Legas ba a taɓa jin ya roƙi kowa sisi ba, an bi 'yan'uwansa har da surukai ana bara da sunansa. Da na karɓi wayar, abin da ya fara ce mini shi ne, “Yaro, ka gaya musu ba ni ba ne.” Bai ko tambayi kuɗin ba.

Don haka duk mai karanta wannan, ajiye abin da kake yi. Shiga saitin WhatsApp, ɓangaren asusu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Ka zaɓi lamba shida da ba shekarar haihuwarka ba, ba 123456 ba (na san ku, rabinku ita ce a ranku), ka haɗa da imel da kake iya buɗewa. Da wannan, ko an yaudare ka ka faɗi lambar tes, akwai ƙofa ta biyu a kulle. Bai kai minti biyu ba. In ka gama naka, karɓi wayar Baba da ta Inna da ta maigidanka na kasuwa ka yi musu, ka rubuta musu lambar a takarda su adana inda suke adana takardun fili.

Taron gaskiya mai shirya shi ne yake ba ka lambar shiga, ba ya neman wata daga wurinka. Duk lambar da ta shigo wayarka ta tes, ta WhatsApp ce ko ta banki ko ta Facebook, taka ce kai kaɗai, ko da muryar limaminku aka kira. Haka BVN da lambar katin cirar kuɗi. In kuma ɗan'uwa ya rubuto yana neman kuɗi da gaggawa, kira shi ka ji muryarsa. In ya ce yana cikin taro ba zai iya ɗauka ba, to kuɗin ma su jira a tashi daga taron. Shugabannin zauruka, ku ma da laifinku. Kuna zuba mutum ɗari uku da ba ku san rabinsu ba, kuna barin mahaɗar shiga tana yawo. Ku kunna saitin da sai kun amince kafin sabo ya shiga.

Ina aiki da wani kamfani, kwana uku a gida a Yaba, biyu a ofis. Da wayata nake ba kwamfuta intanet. Data ta wata ba ta kai mini kwana goma. Ko kamfanin layin ne ke sata?

Hajiya, ɓarawon yana kan teburinki. Kwamfuta in ta ga hosfot ɗauka take intanet ɗin ofis ne marar iyaka, sai Windows ya hau sabunta kansa, OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, ya hau kwashe hotuna, ke kina can kina zargin mutane. Shiga saitin wannan haɗin ki nuna mata mai awo ne, za ta kama kanta. Sannan bidiyo: taron mutane da yawa da kyamara a kunne yana iya cin kusan giga ɗaya a awa, in an kunna hoto mai kaifi ma ya wuce, alhali murya kaɗai ba ta kai mega 100 ba. Ki kunna kyamara ki gaisa, ki kashe. Ba wanda ya ɗauke ki aiki don ya kalli labulenki.

Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairu 2025, wannan ya zama magana ta albashi. Ofis ya huta da kuɗin dizal da na intanet a ranakun da kike gida, nauyin ya dawo kanki. Ki rubuta abin da kike kashewa wata guda ki kai musu da lissafi, cikin ladabi. Kuma shawarata ta kullum, wadda wasu suka gaji da ji: mai aiki daga gida ya riƙe layi biyu na kamfani daban-daban. Wanda yake kan aiki ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ya san dalili.

Laftof ɗina tun lokacin kulle a kan katifa nake aiki da shi, caja a jiki kullum. Yanzu wurin da ake shafawa da yatsa ya ɗago, murfin ba ya rufuwa daidai.

Kashe shi yanzu, ka zare caja. Batirin ne ya kumbura, kuma irin wannan batirin in ya fashe wuta yake kamawa. Kada ka danne shi, kada ka huda, kada ka kwana da shi a ɗaki kusa da kai. Kai shi Computer Village a Ikeja a canza, ka tsaya a buɗe a gabanka, ka duba lambar sabon ta yi daidai da ta tsohon. Zafi ne ya kashe shi: katifa ta toshe masa hanyar iska, ga zafin Legas, ga caji cike dare da rana. Nemi ko farantin cin abinci ne ka ɗora shi. Lenovo da Asus da Dell da wasunsu suna da saitin da ke tsayar da caji kafin ya cika, sa shi a 80. Tunda maganar ɗaki ake, janareto kuma a waje, nesa da taga. Hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari, kuma ya sha hallaka iyali guda cikin barci a ƙasar nan.

Mu 'yan kwamitin wata ƙungiyar fataken shanu ne a Oko-Oba, wasunmu na Arewa. Tun korona ta Zoom muke zama, amma kullum sai ya yanke ana tsakiyar magana. Netwok ne?

Ranka ya daɗe Alhaji, netwok ba shi da laifi. Zoom na kyauta minti 40 yake bayarwa, ku kuwa na tabbata ashirin na farko a gaisuwa da tambayar iyali da ruwan sama suke tafiya. Google Meet na kyauta yana ba da awa ɗaya. In ba ku wuce mutum 32 ba, ku yi kiran WhatsApp kawai, ba ya yankewa, kuma ba wanda zai nemi wata lamba a wurin wani. Wanda ke cikin kasuwar kara ya kashe makirufonsa in ba shi ke magana ba.