Hajiya, zafi ne ya tsinka miki kirim ɗin salak

Hajiya, wa alaikumus salam. Da na ga hoton kwalaben da kika ɗora, mai ya taso sama, fari ya kwanta ƙasa, wallahi sai da gabana ya faɗi, don na san wannan ciwon. Kin tambaya ko za a iya girgiza su a sayar, kuma ko ki sake yin oda daga Dubai. Allah ya mayar miki da alheri.

Kada ki sayar. Haɗin salak mai ruwa-ruwa irin na Italiya, wanda yawancinsa mai ne da binega, dama rabuwa yake yi, a girgiza a zuba. Amma mai kauri, da zarar ya tsinke ya tsinke ke nan. Gwaiduwar ƙwai ce ke riƙe mai da ruwa wuri ɗaya, zafi mai yawa ko daskarewa na karya wannan riƙon, kuma hannu ba ya mayar da abin da injin kamfani ya haɗa. Ki buɗe kwalba ɗaya daga kowane katan na sama ki sansana. In kin ji warin tsohon mai, ko murfi ya kumbura, ko ya yi "fus" da aka buɗe, a zubar. Mace ɗaya mai abincin biki ta zuba wa mutane shi cikinsu ya ɓaci, sunanki ya gama lalacewa a Kasuwar Singa.

Abin da ke ƙona rai shi ne a tashar jirgin ruwa ake kashe kayan nan, mai shi na gida yana jiran waya. Kwantena ƙarfe ce, in ta zauna a rana cikinta kan wuce digiri 50. Ejan, wato mai fitar miki da kaya daga tasha, zai ce miki gobe, jibi, takarda ɗaya ta rage, alhali bai ma fara ba, kuɗin zaman kwantena na hawa kullum, kayanki na dahuwa. In ta fito sai a juye a tirela a rufe da tamfal, tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Legas zuwa Kano. Katan ɗin da ke sama da na jikin bango su ke fara mutuwa. Kuma ranar da kika kira ejan ɗin kina kuka, cewa zai yi shi takarda ya sani, ba ruwansa da abin da ke ciki. Haka suke yi, ba kunya ba tsoron Allah. Shi ya sa ba a cika masa kuɗinsa sai kaya sun fito daga get ɗin tasha.

In za ki sake, ki nemi kwantena mai sanyi, a saita ta wajen digiri 10 zuwa 15, kada ta kai ga ƙanƙara. In kuɗinta ya yi miki nauyi, ki lissafa lokaci kayan su iso da hunturu, ba tsakanin Maris da Mayu ba. A sito kuma a ɗora kan katako, a bar tazara da bango, kada a jera fiye da katan biyar ko shida.

Ban ga lambar NAFDAC a jikin kwalabenki ba, wannan ya fi tsinkewar tayar mini da hankali. Rajista na buƙatar takardar wakilci daga kamfanin da ya yi kayan, da shaidar cewa ana sayar da shi a ƙasarsu, da sakamakon gwajin kayan, kuma kowane iri da rajistarsa. Shekara 5 take yi. Form M, wato takardar neman shigo da kaya, a banki ake buɗe shi tun kafin a loda, sannan PAAR, takardar ƙiyasin harajin kayan, daga kwastam. Kafin ki tura ko sisi, ki sa a duba miki lambar da kwastam ke ba irin kayan a jerin abubuwan da aka hana shigowa da su, don tataccen man girki na ciki, kirim ɗin nan kuwa mai ne ya yi masa yawa.

Masu sayarwa ma ki yi hattara da su. Arhar da ta wuce hankali yawanci kaya ne da kwanansu ya ƙarato. A rubuta a yarjejeniya cewa kashi biyu cikin uku na wa'adin ya rage ranar lodi, kuma a turo miki hoton lambar rukunin da aka sarrafa kayan (batch) da ranar ƙarewa. Ki karanta kayan haɗin da kanki, wasu na ɗauke da naman alade ko ruwan inabi mai barasa, mutanenmu kuma suna dubawa.

Sannan mu nan mai kauri mai ɗan zaƙi ake so, wanda zai kama kabeji da karas da dafaffen ƙwai. Mai tsami zama yake a kantar shago. Ƙananan kwalabe sun fi tafiya, kuma na roba sun fi jure hanya. Da azumi da salla ake kwasarsa, don haka kayanki su riga watan Sha'aban shiga sito.

Na yanzu dai ki ware masu kyau yau ɗin nan, ki ɗauki hoton sauran da lambobinsu, ki tura wa kamfanin da masu inshora in kin yi.