Gwiwa ta daina ciwo, yaro na son komawa fili: in bar shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune da iyalina a jihar Ohayo ta Amurka. Ɗana mai shekara 17 yana ajin ƙarshe na sakandare, yana buga ƙwallon Amurka, shi ne mai rungumar ƙwallo ya ruga da ita. Mako uku da suka wuce ya zo juyawa a guje, babu wanda ya taɓa shi, sai ya ji ƙas a gwiwar dama, kafin dare ta kumbura suntum. Hoton ƙashi ya nuna babu karaya. An rubuta masa MRI, hoton da ke nuna jijiyoyi, amma har yau kamfanin inshora bai amince ba. Yanzu kumburin ya saɓe, yana shan maganin ciwo na ibuprofen, yana tafiya har da sassarfa. Masu neman 'yan wasa daga jami'o'i za su zo kallo ranar Juma'a, ya ce in bai buga ba tallafin karatu ya wuce shi. Yayana daga gida ya ce targaɗe ne kawai, a samu mai ja ya ja. Ni kuwa tun da na karanta labarin raunin taurarin ƙwallon Amurka Bo Jackson da Robert Griffin barci ya ƙaurace mini. In bar shi ya buga?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ba yaro lafiya. Kada ya buga wasan Juma'ar nan, kada ma ya shiga atisayen da ake zilliya da juyi, sai likitan ƙashi ya kama gwiwar da hannunsa. Ban ga yaron ba, saboda haka ba zan yanke hukunci daga nesa ba. Amma juyi ba tare da bugu ba, da ƙarar da ya ji, da kumburin da ya taso cikin 'yan sa'o'i, duk wanda ya jima a aikin nan in ya ji su a jere, jijiyar ACL, wadda ke can tsakiyar gwiwa, ita ce ke fara faɗo masa a rai. Kumburi mai saurin nan galibi jini ne ya taru a gaɓar. Hoton ƙashi kuwa ƙashi yake nunawa, jijiya da guringuntsi ba sa fitowa a cikinsa. "Babu karaya" ba ta nufin "babu komai".

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka shi ne maganar nan ta ciwo ya lafa. Kusan kullum sai na ji ta, daga bakin uba, daga bakin koci, daga bakin yaron kansa: ai ya daina ciwo, ya warke. Na gaji da jin ta. Jijiyar ACL in ta tsinke, ciwon kan lafa cikin mako biyu zuwa uku da kansa. Jinin da ya taru jiki ya shanye shi, gwiwa ta saki, mutum ya taka, ya yi gudu a miƙe ba tare da ya ji komai ba. Jijiyar kuwa tana nan a tsinke. Aikinta shi ne hana ƙashin ƙauri zamewa gaba da murɗewa a ƙarƙashin ƙashin cinya, kuma ba a gane babu ita sai ranar da aka kafa ƙafa aka juya da ƙarfi, wanda shi ne sana'ar ɗanka daga busa ta farko zuwa ta ƙarshe. A ranar gwiwar za ta goce, ta niƙe faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan. Jijiya ana sake dasa ta. Guringuntsin da ya niƙe kuwa sau da yawa sai dai a gyaggyare abin da ya saura, mutum ya fara fama da amosanin gaɓa tun yana da sauran ƙuruciya. To ka ƙara ibuprofen a kan wannan. Ciwo mai gadi ne, kun ba mai gadi maganin barci, sannan kuna cewa unguwa lafiya tunda ba ku ji ihu ba.

Griffin da ka ambata shi ne misalin da ya fi kusa da ɗanka. Ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2011 yana jami'ar Baylor, ƙungiyar Washinton ta ɗauke shi na biyu a zaɓen sababbin 'yan wasan NFL, babbar gasar ƙwararru, na 2012, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasan kai hari na shekarar. Mai jifa ne, amma ya yi gudun yadi 815 da ƙafarsa a kakar. Ranar 9 ga Disamba 2012, a wasa da Baltimore Ravens, jijiyar gefen gwiwarsa ta dama ta samu rauni. Wasa ɗaya kacal ya huta, ya dawo da ƙarfen tallafi ɗaure a gwiwa. Ranar 6 ga Janairu 2013, a wasan sili-ɗaya-ƙwale da Seattle Seahawks, gwiwar ta sake motsawa tun a zangon farko. Duk mai kallo ya ga yana ɗingishi, shi ya ce zai iya, koci Mike Shanahan ya bar shi. A zango na huɗu ya sunkuya zai ɗauki ƙwallon da aka miƙo masa ƙasa-ƙasa, babu wanda ya taɓa shi, gwiwar ta lanƙwashe. Aka yi masa aikin jijiya biyu, har da ACL ɗin da aka taɓa gyara masa a 2009. Sun kuma sha kashi 24 da 14, wato ba wan ba ƙanen. Ya dawo a wasan farko na kakar 2013, wata takwas bayan tiyata, amma Griffin na 2012 ba a sake ganin sa ba, a benci ya ƙare zamansa a NFL. Raunin Disamba na hutun 'yan makonni ne. Wasan Janairu ne ya ci shi.

Akwai wanda ma ba a cika tunawa da shi ba, Greg Cook na Cincinnati Bengals, a jiharku ta Ohayo. A 1969, shekararsa ta farko, ya yage tsokar da ke riƙe kafaɗarsa ta jifa a wasa na uku, da Kansas City Chiefs. A lokacin babu MRI, ba a gane girman ɓarnar ba, aka riƙa yi masa allurar kotizon yana komawa fili. A haka ya gama kakar yana kan gaba a ƙididdigar masu jifa na gasar AFL, kishiyar NFL a lokacin. Daga nan aka yi ta tiyata, wasa ɗaya tak ya sake bugawa, a 1973. Bill Walsh, wanda ya horar da shi kafin daga baya ya horar da shahararren mai jifa Joe Montana, ya sha faɗin cewa da Cook ya samu lafiya da yana cikin manyan da aka taɓa yi. Cook yana da uzurin zamaninsa. Mu da na'urar take nan a kowane babban asibiti, mene ne namu?

Shi ma maganin da kuke ɗauka kamar alewa yana da nasa labarin. Kenny Easley na Seahawks, gwarzon masu tsaron baya na NFL a 1984, an gano ƙodarsa ta lalace ne a 1988, lokacin gwajin lafiyar da aka yi masa za a sayar da shi ga wata ƙungiya. Shi ya ɗora laifin a kan yawan ibuprofen da ya sha saboda ciwon idon sawu, ya kai ƙungiyar ƙara, aka sasanta a wajen kotu. A 1990 aka yi masa dashen ƙoda. Ban ce shan maganin na 'yan kwanaki bisa ƙa'ida zai kashe ƙodar yaro ba. Amma haɗiya ƙwaya don a iya buga wasa, cikin zufa da ƙarancin ruwa a jiki, ɗabi'a ce da nake so ka kashe tun yanzu.

Bo Jackson kuwa lamarinsa daban ne, kuma ba na son a riƙa cakuɗa su. Mutumin da ya zama zakara a ƙwallon Amurka da ta sanda a lokaci guda, wasa 38 kawai ya buga wa ƙungiyar Raiders a NFL. Ranar 13 ga Janairu 1991 aka kamo shi ta baya a wasa da Bengals, kan ƙashin cinyarsa ya goce daga kwatangwalo. Abin ya taɓa hanyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin, ƙashin ya fara mutuwa, irin dai abin da muke gani wajen masu sikila a gida, da masu shan ƙwayar ƙiba ba bisa ƙa'ida ba. A 1992 aka sa masa kwatangwalon roba da ƙarfe, ya koma ƙwallon sanda, amma ta Amurka ta ƙare. Wannan ƙaddara ce tsantsa, faɗuwa ɗaya ce. Abin lura ɗaya a ciki: a ranar da ya faru, mutane da yawa sun ɗauka ƙaramin rauni ne.

Na san yaron zai kawo maka Adrian Peterson, mai rugawa da ƙwallo irinsa a NFL, duk sai sun kawo shi. Ya tsinke ACL ranar 24 ga Disamba 2011, ya dawo ya yi gudun yadi 2,097 a 2012. Gaskiya ne. Amma Peterson tiyata aka yi masa cikin mako guda, ya yi watanni ana gasa masa ƙafa a hannun ƙwararru, bai buga wasa da tsinkakkiyar jijiya ba. Kuma shi ɗaya ne cikin dubu. Wani bincike da aka wallafa a 2016 kan 'yan wasa a Amurka da Norwe ya nuna duk watan da aka ƙara jira bayan tiyatar ACL, har zuwa wata tara, haɗarin sake jin rauni yana raguwa da kusan rabi. Sauri kan haifi nawa.

Maganar Yaya kuma, ka gaishe shi, ka gode masa, amma kada kowa ya ja ƙafar nan. Masu ɗori na da abin da suka gada, ba na raina su a kan komai, sai dai jijiyar da ke can tsakiyar gaɓa ba ta haɗuwa da ja ko murza ko man shafawa. Na sha karɓar gwiwar da aka ja sau uku sau huɗu, ta zo mana a sandare, mai ita ya yi asarar wata shida, sannan a ce asibiti ne ya kasa.

Kamfanin inshora ne ya fi ba ni haushi a labarin nan. Mako uku ana jiran sa hannun wani da bai taɓa ganin yaron ba! Kada ka zauna jira. Ka kira ofishin likitan da ya rubuta hoton, ka nemi su yi magana kai tsaye da likitan kamfanin, a nuna musu abin na gaggawa ne. Ka kuma tambayi makarantar ko tana da inshorar 'yan wasanta, da yawa suna da ita, iyaye ba sa sani. Sannan likitan ƙashi ba sai ya jira MRI ba, akwai gwajin hannu da ake kira Lachman, cikin minti ɗaya zai ji ko ƙashin ƙauri na zamewa. In gwiwar ta taɓa maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko ta sake shi yana tafiya, ka faɗa musu a waya, domin wannan na nuna guringuntsin ma ya taɓu.

Batun tallafin karatu, ka zaunar da shi ku yi magana ta hankali. Masu neman 'yan wasa da faifan bidiyon wasannin baya suke aiki, ba da dare ɗaya ba, kuma sun saba ɗaukar yaran da aka yi wa aikin ACL suka warke. Abin da ke korar su shi ne su ga yaro yana jan ƙafa, ko ya zube a gabansu. Ka sa koci ya tura musu bidiyonsa ya sanar da su halin da ake ciki. Ka kuma tuna masa cewa cikin masu buga wa jami'o'i, waɗanda ke kaiwa NFL ba su kai biyu cikin ɗari ba, gwiwar kuwa da ita zai yi sujada har tsufansa in Allah ya ba shi rai. Shekararsa 17, kai ne waliyyinsa, kana da ikon rubuta wa makaranta cewa ba ka yarda ya taka fili ba sai da takardar likitan ƙashi. Ka rubuta yau, ka ba koci kwafi ɗaya, mai kula da lafiyar 'yan wasa ɗaya. Zai yi fushi da kai na 'yan kwanaki, ka jure. In sakamakon hoton ya fito, ka sake rubuto mini mu duba abin da ya ce.